Juyin Juya-Halin Kyuba da Rikicin Makamai Masu Linzami na 1962

Gabatarwa

Kyuba tsibiri ne da ke nesa da gaɓar Amurka da kimanin kilomita 145 kacal. Wannan maƙala za ta dubi yadda juyin juya-halin da aka yi a can ya kusa jefa duniya cikin yaƙin nukiliya, da yadda manyan ƙasashe biyu suka sasanta ba tare da jin ta bakin masu ƙasar ba.

Tushen Rikicin

Ranar 1 ga Janairu 1959 Shugaba Batista ya tsere, Fidel Castro da dakarunsa suka karɓe mulki. Rake shi ne ginshiƙin arzikin Kyuba, kamar yadda dawa da riɗi suke ga mutanen Gadarif, kuma kamfanonin Amurka ne ke riƙe da manyan gonaki da masana'antun sukari masu yawa. Da Castro ya ƙwace su, Amurka ta daina sayen sukarin a 1960, sai Tarayyar Sobiyet ta shiga saye. A Afrilun 1961 'yan gudun hijira kimanin 1,400, waɗanda hukumar CIA ta horar, suka kai farmaki a gaɓar Bay of Pigs, aka murƙushe su cikin kwana uku. Daga nan Castro ya ƙara jingina da Mosko. Hausawa kan ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: da Khrushchev ya nemi girke makamai masu linzami a tsibirin, don kare shi da kuma rama waɗanda Amurka ta girke a Turkiyya, Castro ya amince.

Kwanaki Goma Sha Uku

Ranar 14 ga Oktoba 1962 jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko hotunan sansanonin, aka nuna wa Shugaba Kennedy bayan kwana biyu. Ranar 22 ga wata ya ba da sanarwar killace tsibirin ta ruwa. Da aka toshe teku sai hankali ya koma kan hanyar sama, wadda ke buƙatar zango a Afirka ta Yamma. Senegal da Gini suka hana jiragen Sobiyet sauka a Dakar da Konakiri, duk kuwa da ƙawancen Sékou Touré da Mosko. Ranar 27 aka harbo wani U-2 a Kyuba, matuƙinsa ya mutu. Washegari Khrushchev ya sanar ta gidan rediyon Mosko cewa zai kwashe makaman. Amurka ta yi alƙawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, kuma a asirce ta yarda ta janye nata daga Turkiyya.

Ba a shawarci Castro ba. Labari kawai ya samu. Ya fusata, ya hana masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya shiga, ya kuma nemi a mayar wa ƙasarsa da sansanin Guantanamo, amma ba a biya masa wannan buƙata ba.

Kammalawa

Juyin ya tsira, sai dai Kyuba ta gane cewa ƙasar da ta ba da aron filinta ga makaman wani ba ta da ta cewa ranar sulhu. Maƙwabtanta sun ɗauki darasi, suka haramta makaman nukiliya a yankinsu da yarjejeniyar Tlatelolco a 1967. Ƙasashen Afirka suka bi sahu da yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996.