Shaidar Kyanwa da Kifi: Tarihin Tekun Minamata

A kudancin ƙasar Japan, cikin tsibirin Kyushu, akwai wani gari da ake ce da shi Minamata, wanda tun kaka da kakanni mutanensa suka dogara ga su da noma da dafa gishiri, domin Allah Ya yi musu ni'ima da wani lungun teku mai kwanciyar ruwa da yalwar kifi. A shekarar 1908 kamfanin da daga bisani ya shahara da sunan Chisso ya kafa masana'anta a garin, manyan gari suka karɓe shi hannu bibbiyu, suna ganin arziki ya zo har gida. Daga 1932 kuwa sai ya shiga sarrafa wani sinadari mai shiga aikin roba, wanda ake haɗawa da taimakon zaiba, ruwan dattin aikin kuma ana kwarara shi cikin teku dare da rana, haka nan har shekara 36.

Ita wannan zaiba, idan ta rikiɗe ta koma nau'in da jiki ke sha, ba ta fita da sauƙi: ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya haɗiye ƙarami, gubar tana ta ninkuwa daga ciki zuwa ciki, har ta iso akushin masunci, wanda ba shi da cimar da ta wuce kifi safe da yamma.

Tun kafin likita ya ce uffan, dabbobi sun riga sun ba da shaida. Kifi ya riƙa tasowa yana yawo a kan ruwa ciki sama, ciyawar ƙarƙashin teku ta daina tsiro, hankaka na cikin tashi sai ya faɗo ƙasa. Kyanwoyin unguwannin masunta kuwa, waɗanda ake jefa wa kai da hanjin kifi, sai a ga ɗaya tana tangaɗi, tana dalalar da miyau, ta yi ta juyi wuri guda kamar mai bori, wata ma ta afka teku ta halaka, har mutanen wurin suka laƙaba wa abin suna ciwon rawar kyanwa. Amma da yake shaidun ba su da baki, babu alƙalin da ya saurare su.

A watan Afrilu na 1956 aka kawo wata yarinya 'yar shekara 5 asibitin kamfanin, ba ta iya tafiya, magana ta sarƙe mata, ranar 1 ga Mayu kuma shugaban asibitin, Likita Hajime Hosokawa, ya kai rahoto ga hukumar lafiya. Malaman Jami'ar Kumamoto suka duƙufa, suka auna kifi da lakar teku da gashin majinyata, a 1959 suka bayyana cewa zaiba ce, bayan sun tarar da kimanin kilo 2 nata cikin kowane tan na laka a bakin magudanar masana'antar. Shi ma Hosokawa ya gwada a asirce, ya riƙa zuba ruwan dattin a abincin kyanwa, wadda aka yi wa lamba 400 ta kamu da cutar sak, amma kamfanin ya binne maganar. A ƙarshen wannan shekara aka ba majinyata ɗan kuɗin jaje, babba yen 100,000 a shekara, yaro 30,000, bisa sharaɗin ba za su sake neman diyya ba ko da laifi ya tabbata a kan kamfanin.

Sai ranar 26 ga Satumba, 1968 gwamnati ta yi iƙirari da abin da masunta suka daɗe da sani. Hosokawa ya sauke amanar da ke wuyansa a 1970, yana kan gadon ajali ya ba da shaida game da kyanwar nan, a 1973 kuma kotu ta ba majinyata gaskiya, ta rushe wancan sharaɗi. A wannan shekara aka ƙayyade haddin zaibar da ya halatta a samu cikin kifi, a 1974 aka gitta raga a bakin lungun don kada gurɓataccen kifi ya fita, sa'an nan daga 1977 zuwa 1990 aka yashe laka wajen mita kubik miliyan 1.5 aka binne ta. Ba a cire ragar ba sai 1997, bayan awo ya nuna shekara 3 a jere kifin bai ƙetare haddi ba. Ya zuwa 2001, mutum 2,265 hukuma ta tabbatar sun kamu, da dama daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Hukuncin da tarihi ya yanke a nan shi ne, awon ruwa ba ya amfani idan ma'auni na hannun mai zuba guba, kuma jinkirin shekara 12 tsakanin rahoto da iƙirari da rayukan talakawa aka biya shi. Saboda haka ne yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 don taƙaita zaiba take ɗauke da sunan Minamata. Wannan zaibar dai ita ce masu haƙar zinariya ke wanke ƙasa da ita a bakin rafukanmu, don haka mai karatu, in ka ga kifi na mutuwa ba dalili, ka kai magana gaba tun ba ta kai ga yara ba.