Nauyin Harsashi da Nauyin Doka: Tarihin Bindiga a Dajin Rugu

Duk wanda ya ji an ambaci Dajin Rugu a yau, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne satar shanu da garkuwa da mutane. Amma wannan daji, wanda ya miƙe daga yammacin Batsari da Safana har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, ya daɗe da sanin makami tun kafin wannan masifa. Ya ga baka da kibiya, ya ga adaka, ya ga bindigar Bature mai sakata, sannan ya ga AK-47. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan makamai yana da irin abin da yake harbawa, kuma nauyin abin da ake harbawa yakan nuna abin da mai makamin ya fito nema. Bin diddigin wannan tarihi yana bayyana dalilin da ya sa manomin Ruma ko Runka yake tsaron gidansa da makamin da kakansa ma ya san gazawarsa.

Dajin da yaƙi ya raina

Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe da suka rasa gadon mulki sun koma arewa, inda daga baya suka kafu a Maraɗi. Daga nan aka shafe kusan ƙarni guda ana kai wa juna hari, kuma ƙasar da ke yammacin Katsina ta zama hanyar mayaƙa. Garuruwa sun tashi, gonaki sun koma kurmi. Ruma, wadda har yau hakimin Batsari yake riƙe da sarautarta, tana cikin garuruwan da suka tsaya a bakin wannan iyaka, kuma a nan ne sunan jarumi Ɗanwaire ya shahara a ƙarshen ƙarni na 19. Makaman wancan zamani su ne doki da takobi da mashi da baka. Bindiga kuwa ba ta da yawa. Wasu na zuwa ta Sahara daga Tarabulus, wasu ta kudu daga ƙasar Nufe da ta Yarbawa, kuma sarakuna sun fi son su bar ta a hannun bayinsu amintattu.

Inda mutane suka janye, namun daji kan samu sarari. Saboda haka dajin ya zama na maharba, masu Sarkin Baka da tsarinsu na gado. Maharbin Hausa ya warware matsalar kashe babbar dabba ta hanyar dafi, wanda ake haɗawa da 'ya'yan ƙwanƙwani a shafa wa kibiya. Kibiya ba ta da nauyi, amma aikinta shi ne ta huda fata kawai, dafi ya ƙarasa sauran. Da bindiga ta shigo, masu farautar giwa a ƙasar Hausa sun haɗa tsohuwar dabara da sabuwa: suka riƙa cusa wani gajeren mashi mai dafi, wanda ake kira sango, a cikin bindiga su harba.

Hukuncin da aka yanke a Burusal

A 1890 ƙasashen Turai da wasu dauloli suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burusal na Beljiyam, wadda aka ce manufarta ita ce kashe cinikin bayi. A cikinta aka shata wani yanki na Afirka, daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, aka taƙaita sayar wa mutanensa bindigogin zamani masu cin harsashi ta baya da masu tsagi a cikin bututu. Abin da aka bari a kasuwa shi ne tsohuwar bindiga mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ƙasar Hausa gaba ɗaya ta faɗa cikin wannan yanki. Shekara 13 bayan haka, a 1903, sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato da bindigogi masu cin harsashi ta baya da mashinga samfurin Maxim, Katsina kuma ta miƙa wuya ba tare da an gwabza ba.

Tun daga lokacin aka samu bindiga iri biyu a daji ɗaya. Talaka yana da adaka, wadda maƙeran gida suka koyi gyarawa da ƙerawa. Jami'in mulkin mallaka da ya fito farauta lokacin rangadi yana da wata aba dabam.

Bindiga mai sakata

A 1898 kamfanin Mauser na Jamus ya fitar da samfurin da ya zama uwa ga mafi yawan bindigogin farauta na ƙarni na 20. Sirrinta wani ƙarfe ne mai kama da sakatar ƙofa: a ɗaga shi a ja baya ya tofar da kwanson da aka harba, a tura gaba ya ɗauko sabon harsashi ya kulle. A cikin bututun akwai tsagi murɗaɗɗe da ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, shi ya sa yake tafiya sak. Maƙeran bindiga na Landan, irin su Rigby da Holland & Holland, sukan sayo wannan sakata daga Jamus, su ɗora mata bututu, su sassaƙa mata gindi da katako mai tsada daidai da tsawon hannun mai saye, kamar yadda tela ke auna babbar riga.

A wurin masu irin wannan bindiga, babbar muhawara ita ce nauyin harsashi. Turawan Ingila suna auna shi da giren, kuma giren 15 da ɗan ɗoriya ne ke yin giram ɗaya. Ƙa'idar a sauƙaƙe take. Harsashi mara nauyi yana fita da gudu, yana tafiya a miƙe zuwa nesa, amma yakan tarwatse idan ya haɗu da ƙashi mai kauri. Mai nauyi ba ya kai shi gudu, yana saurin sunkuyawa ƙasa, amma yana ratsa fata da tsoka da ƙashi ya isa inda ake so. Shi ya sa da Holland & Holland suka fitar da .375 a 1912, suka ba ta harsashi kala uku: giren 235 don ƙananan dabbobi masu nisa irin barewa, 270 don matsakaita irin gwanki, 300 kuma don ɓauna da giwa. A Jamus, Otto Bock ya ƙirƙiro 9.3x62 a 1905, mai harsashin giren 286, saboda Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka a Afirka.

Nauyi kaɗai ba ya yanke hukunci. Wani maharbi ɗan Sikotlan, W.D.M. Bell, ya kashe giwa fiye da 1,000, mafi yawansu da ƙaramar bindiga .275 ta Rigby mai harsashin giren 173, wato kimanin giram 11. Harsashin dogo ne siriri, an lulluɓe shi da ƙarfe don kada ya fashe, kuma Bell ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa har ya san daidai inda ƙwaƙwalwa take. Wannan adadi kansa shaida ne na irin ɓarnar da bindiga mai sakata ta yi wa namun Afirka.

Lissafin mai adaka

Maharbin Batsari bai san giren ba, amma ya san wannan lissafi da hannunsa. Idan zabi ya fito nema, sai ya ɗura ƙananan dalma masu yawa da za su watsu. Idan babbar dabba ce, sai ya sa curi ɗaya mai nauyi. Matsalarsa ita ce bututun adaka sumul yake, ba shi da tsagi, don haka harbinta ba ya cin nisa, kuma sau ɗaya take tashi kafin a sake ɗuri. Daga nan ta samu laƙabin harbi-ka-ruga. Abin da makamin ya gaza, sai sani ya cike: karanta sawu, lura da inda iska ke kaɗawa, da ɗaura kan burtu a goshi a riƙa rarrafe ana kwaikwayon tsuntsun har a kusanci dabba. Wanda harbi ɗaya kawai yake da shi ba ya harbi da ka.

Dokar 1959 da bindigar da ba ta neman lasisi

Dokar makamai ta 1959, wadda Najeriya ke aiki da ita har yau, ta gaji wancan tsari na matakai. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, ciki har da bindigogin soja masu faɗin baki 7.62 da .303, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsaye da ta farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu cin albarushi ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Ita kanta .303 Lee-Enfield, mai sakata da cin harsashi 10, wadda tun 1910 harsashinta na soja ya koma giren 174, ta daɗe a kafaɗar 'yan sandan Najeriya bayan samun 'yancin kai.

A tsawon waɗannan shekaru noma da kiwo da saran itace sun ci dajin, manyan namun daji suka ƙaurace. Sannan wani makami ya shigo wanda bai bi ta ofishin kowa ba, musamman bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Harsashin AK-47 giren 123 ne, kimanin giram 8, bai kai na Bell nauyi ba. An rage masa nauyi da ƙarfi da gangan, domin soja ya iya ɗaukar da yawa kuma ya iya riƙe bindigar tana ɓarin wuta. Gidan harsashinta na cin 30. Ba a ƙera ta don dabba ba. A watan Fabrairun 2020, mahara suka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙaramar hukumar Batsari.

A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. Kiran ya ci karo da dokar da ta bar wa talaka adaka, ko kuma, idan ya yi sa'ar lasisi, bindigar harbin tsuntsaye. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda ta ɗebi matasa fiye da 1,400 a karon farko, amma irin makamin da za su riƙe yana nan ƙarƙashin ikon gwamnatin tarayya.

Masu neman a sassauta doka suna cewa ba adalci ba ne a bar mai harbi ɗaya ya fuskanci mai harbi 30. Masu adawa suna nuni da yadda ramuwar gayyar 'yan sa-kai ta taimaka wajen rura wutar rikicin tun farko, suna tambayar wa zai karɓe makaman idan ƙura ta lafa. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da tarihin Rugu ya ƙara a kan muhawarar shi ne, tun daga Burusal a 1890 zuwa Legas a 1959, ba a taɓa zama da mutanen da ke kwana a bakin dajin ba kafin a yanke irin makamin da ya halatta gare su, kuma alkawarin da ke ƙarƙashin kowace irin wannan doka, cewa hukuma za ta tsare wanda ta hana wa makami, shi ne har yanzu mutanen Batsari da Safana suke jiran a cika.