Zauren Gida a Zamanin Intanet: Tarihin Na'urar Rarraba Intanet a Kasuwar Libiya ta Umdurman

Gabatarwa

A gidan Bahaushe na gargajiya ƙofa ɗaya ce ake shiga ta cikinta, wato zaure. A nan baƙo yake yin sallama, a nan ake sanin abin da ya kawo shi, sannan a yi masa iso ko a sallame shi. Gidan da aka ja wa intanet shi ma yana da zaurensa, wato 'yar ƙaramar na'urar nan mai fitilu wadda duk saƙon da zai shiga wayoyi da kwamfutocin gidan, ko zai fita daga cikinsu, sai ya bi ta kanta. Ita ce na'urar rarraba intanet. A cikinta akwai manhajar da take tace masu shigowa, wadda ake kira katangar tsaro. Wannan muƙala ta bi tarihin na'urar daga inda aka ƙirƙiro ta har zuwa Kasuwar Libiya ta Umdurman a ƙasar Sudan, domin a ga yadda siyasa da yaƙi da yanayin ƙasa suka riƙa yanke wa magidanci irin na'urar da zai iya saye da iyakar kariyar da za ta ba shi.

Asalin Kasuwar Libiya

Birnin Umdurman yana yammacin Kogin Nilu, yana fuskantar Hartum. Ba baƙon wuri ba ne ga Hausawa, domin Sudan tana kan tsohuwar hanyar aikin Hajji ta ƙasa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Zuriyar masu hijira da ta alhazan da suka yada zango sun bazu a Jazira da Gadarif da Kasala da babban birnin ƙasar, suna noma da fatauci.

Kasuwar Libiya tana yammacin Umdurman, a yankin Umbadda. Ta samo sunanta daga kayan da ake kawowa daga Libiya. Bayan an gano man fetur a can a 1959, 'yan Sudan da yawa sun tafi ci-rani, sai manyan motoci suka riƙa ratso hamada ta Kufra ɗauke da tufafi da barguna da rediyo da sauran kayan lantarki. Farin 1984 zuwa 1985 ya koro dubban mutane daga Darfur da Kordofan zuwa wannan gefen gari, kasuwar ta ƙara cika, har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin sari na ƙasar. Tun asali kasuwa ce ta kayan da ba su cika biyowa ta hannun wakilin kamfani ba. Mai saye yakan sami rahusa, amma idan kaya ya lalace babu wanda zai riƙe.

Asalin Na'urar da Katangarta

Kakar wannan na'ura ta bayyana a Amurka a 1969, lokacin da aka haɗa kwamfutocin wasu cibiyoyin bincike a tsarin ARPANET. A wancan lokaci girmanta ya kai na firij. A 1984 Leonard Bosack da Sandy Lerner na Jami'ar Stanford suka kafa kamfanin Cisco, wanda ya mayar da ita hajar kasuwa. Ranar 2 ga Nuwamba, 1988, wata muguwar manhaja da ɗalibi Robert Morris ya saki ta kama kwamfutocin da aka ƙiyasta sun kai 6,000. Wannan ya ƙara wa masana himma wajen gina katangar da za ta duba kowane ƙunshin saƙo, ta ga daga ina ya fito da ƙofar da yake nema, kafin ta bar shi ya wuce.

A 1994 aka wallafa dabarar da ta ba na'urori da yawa damar fita da adireshin intanet guda ɗaya. An yi ta ne don tsimin adireshi, amma ta zo da wata fa'ida: na waje ba ya iya fara magana da na cikin gida sai in na cikin ne ya fara nemansa. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fitar da samfurin WRT54G. Da aka gano cewa an gina manhajarsa a kan Linux, wadda lasisinta ya wajabta bayyana asalin rubutun, sai kamfanin ya bayyana shi, kuma daga nan aka sami OpenWrt a 2004. Tun daga lokacin ya yiwu na'ura ta ci gaba da samun gyara ko bayan kamfanin da ya ƙera ta ya yi watsi da ita.

Shekarun Takunkumi

A Nuwamban 1997 gwamnatin Bill Clinton ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki. Daidai lokacin da intanet take shiga gidajen duniya, kamfanonin Amurka ba su da izinin sayar wa Sudan kayansu. Sakamakon haka iri biyu ne. Na farko, kamfanonin ƙasar Sin, musamman Huawei da ZTE, suka cike gurbin. Da yake layin wayar tarho bai kai yawancin gidaje ba, na'urar da ta yaɗu ita ce mai ɗaukar katin waya, wadda take jawo intanet daga turakun Sudani ko Zain ko MTN. Na biyu, sauran kayan suka riƙa zagayowa ta hannun 'yan kasuwa, galibi daga Dubai, zuwa shagunan Suk al-Arabi na Hartum da kasuwannin Umdurman.

Babbar illar ba a idon mai saye take ba. Shafukan kamfanonin Amurka da yawa sun toshe duk mai shigowa daga Sudan, don haka sabunta manhaja ya zama wahala. Katangar da ba a yi mata yaɓe kuwa, damina ɗaya ko biyu sai ta tsage. An ga misalin haɗarin a 2016, lokacin da manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urorin gida a faɗin duniya ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 da kamfanoni suke sakawa tun daga masana'anta. Sai a Fabrairun 2015 Amurka ta halatta kai kayan sadarwar jama'a Sudan, sannan ta ɗage takunkumin cinikin a Oktoban 2017.

Rufe Ƙofar Gari

Katangar gida tana hana ɓarawo, amma ba ta da iko a kan wanda yake riƙe da ƙofar gari. An yanke intanet a Sudan a zanga-zangar Satumban 2013. Bayan kisan masu zaman dirshan a Hartum ranar 3 ga Yuni, 2019, an sake yankewa har zuwa 9 ga Yuli. Bayan juyin mulkin Janar Abdel Fattah al-Burhan na 25 ga Oktoba, 2021, an yi fiye da mako uku babu ita.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF ya kai abin matuƙa. Kasuwar Libiya ta faɗa hannun RSF, aka wawashe shaguna. A Fabrairun 2024 layukan waya suka mutu a yawancin ƙasar, kuma an ɗora alhakin haka a kan RSF. Mutanen da abincinsu ya dogara ga kuɗin da dangi suke turowa ta manhajar Bankak ta Bankin Hartum suka rasa hanyar karɓa. Nan ne faifan Starlink, wanda yake magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye, ya riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya daga ƙasashe maƙwabta irin su Chadi da Sudan ta Kudu da Libiya, ana biyan kuɗi a kan sa'a kafin a yi amfani da shi. Hamadar da ta kawo rediyo a da ita ta kawo shi. Ranar 29 ga Maris, 2025 sojoji suka ba da sanarwar karɓe kasuwar.

Darasi ga Mai Saye

Wannan tarihi ya fito da ma'aunai huɗu. Na farko wuta: na'urar da take aiki da bolt 12 kuma ba ta cin fiye da 'yan wat kaɗan tana iya rayuwa da batir da faifan hasken rana, alhali tsohuwar kwamfutar tebur da aka mayar katangar tsaro da manhaja irin pfSense tana cin ninkin haka. Na biyu yanayi: a garin da zafi yake wuce digiri 40 kuma guguwar ƙura ta habub take tasowa, na'ura marar fanka ta fi daɗewa. Na uku manhaja: a nemi samfurin da har yanzu ake sabuntawa ko wanda yake karɓar OpenWrt, da isasshiyar ma'ajiya, a kuma sauya kalmar sirrin masana'anta tun ranar farko. Na huɗu hanya: na'urar da take karɓar intanet daga kafa biyu ta fi mai kafa ɗaya, ko da yake idan an yanke ta ƙasa baki ɗaya, kafa biyun ma ba sa fissheta.

Kammalawa

An ƙirƙiro na'urar rarraba intanet a ƙasar da wuta ba ta cika yankewa ba kuma kamfani yake kusa da mai saye. A Umdurman ta tarar da takunkumi na shekara 20, da ƙura, da hukuma mai rufe layi, sannan yaƙi. Saboda haka tambayoyin da suka fi amfani ga mai sayenta a can, haka ma a Kano ko Maraɗi, ba na saurinta ba ne kawai: wa zai ci gaba da gyara manhajarta, me za ta ci idan wuta ta ɗauke, kuma ta ina za ta fita idan an rufe hanyar da ta saba bi?