Ta'aliki a kan Warƙar Makamai da ke Ƙarshen Wannan Kundi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa mai karatu, warƙa ta ƙarshe a wannan kundi ba ta cikin matanin littafin. Takardar rabon gado ce da ajami, na same ta a gafakar kakana, Allah ya jiƙansa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Mayahi da Tasawa. Wasu abokan aiki sun ce a cire ta, tun da ba fiƙihu a ciki, ba nahawu. Na ƙi, ga kuma hujjata.

Warƙar ta lissafa abin da mahaifin kakana ya bari: doki, littattafai huɗu, sai kayan yaƙi. Ba ta da kwanan wata, amma an ƙimanta kome da wuri, babu tamma babu dala, babu kuma bindiga a lissafin. Wannan ya sa na rinjayar da cewa an rubuta ta kafin kuɗin Faransa su kori wuri daga kasuwanninmu.

Kalma ta farko da ta tsayar da ni ita ce wadda aka rubuta da mimun, alif, sinun da wawun. Wanda ya fara kwafe mini ya karanta ta "masu" irin na masu gida, sai jumlar ta rasa kai. Wawun nan na jan wasali ne, jam'in mashi ake nufi. Bayansu aka kawo asigiri, mashin da ƙarfe ne tun daga tsini har gindi, irin wanda Abzinawa ke riƙewa. Sai garkuwar fatar warwaji, da wuƙar damtse, da kwalkwali, da lifidi, da sulke, da kansakali, watau takobi, tare da kubensa da hamilarsa.

Kada ka yi mamakin ganin waɗannan a gidan da ake karatun allo. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun komo arewa suka zauna Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rinjaye su. Daga nan har ƙarshen ƙarnin hari bai yanke ba tsakanin wannan yanki da ƙasashen kudu, ga Damagaram ta gabas, wadda a zamanin Sarki Tanimu ta tara bindigogi har da igwa. Mutumin Gulbin Kaba ko na ƙasar Tasawa, malami ne ko manomi, yana kwana da makami kusa da kansa.

Sulken nan ya cancanci a daɗe a kansa. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. Lifidi aikin gida ne, auduga ce ake cusawa tsakanin ƙyalle biyu a ɗinke, ta tare kibiya mai dafi, sai dai wuta ce ajalinsa. Sulke mai kyau kuwa galibi daga Masar da ƙasashen gabas fatake ke kawo shi. Guntun da ya rage a gidanmu bai fi tafin hannu biyu ba. Da na ɗaga shi a rana sai na ga kowane zobe an daddale bakinsa biyu, an huda, an soka 'yar ƙusa an dame. Nan take na tuna darasin Suratu Saba'i, inda aka umarci Annabi Dawuda, alaihis salam, da ƙaddara saƙar sulke. Wasu malaman tafsiri sun fassara wannan da daidaita ƙusa da ramin zobe, kada ta yi siriri ta yi lilo, kada ta yi kauri ta fasa shi. Shekara nawa ina karantar da wannan bayani da baki, ban gane shi sosai ba sai ran da na riƙe zoben a hannu. Da wannan kuma ake rarrabe sulken yaƙi da na ado: wanda aka lanƙwasa zobensa kawai ba ƙusa, mashi na taɓa shi zai buɗe.

Takobin kuwa ban same shi ba sai a bakin baffana. Ya siffanta mini shi: miƙaƙƙe mai kaifi biyu, da kwari uku a tsawon ruwansa, da tambarin jinjirin wata biyu masu fuska, kusa da mariƙi an yi masa ado da azurfa. Adon nan ba abin zargi ba ne, Risala ta halatta azurfa a zobe da takobi da Mushafi. Tambarin watan ne abin lura. Baturen Jamus Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a Janairun 1851, daidai da 1267 ta Hijira, tare da ayarin gishirin Abzin, kafin ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. Ya ba da labarin cewa ruwan takubba masu ɗimbin yawa na shigowa Kano ta hamada, akasarinsu ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus, a nan ake sa musu mariƙi da kube. Maƙeranmu ma sun koyi buga tambarin a kan nasu ƙarfen, saboda mai saye na nemansa. Don haka wata biyu a jikin takobi ba ya tabbatar da inda aka ƙera shi, balle shekarunsa.

Da na ɗaga warƙar kanta a hasken rana, sai ga jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, alamar takardun da ake yi a arewacin Italiya ana kawowa ta Tarabulus. Ashe takardar malam da takobin barde hanya ɗaya suka biyo, a bayan raƙuma ɗaya.

A yunwar 1984 wani dillalin kayan da ya riƙa zagaya ƙauyukanmu yana sayen tsofaffin takubba da wuƙaƙe da sirdi, yana kai wa masu tara irinsu a Yamai da Kano da Turai. Baffana ya ba shi kansakalin da kwalkwalin ya karɓi hatsi. Ba na zarginsa, da yara goma sha ɗaya a gidan, kuma lalura tana da hukuncinta. Abin da ya dame ni shi ne abin da dillalin ya ce zai faɗa wa mai saye, wai takobin ya sha jinin Nasara a Maijirgi. Na ji irin wannan magana a kan takubba fiye da ɗaya tun daga lokacin. Gaskiyar abin ita ce, a 1899, daidai da 1317, rundunar Bule da Shanuwan ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi kisa a Birnin Ƙonni da Koran Kalgo. Kanar Kulob da aka aiko ya tsayar da su, Bule ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Su biyun kuma sojojinsu ne suka harbe su da bindiga a wajen Maijirgi, Shanuwan ran 16, Bule ran 17, kaburburansu na nan. Babu takobin Batasaye a cikin mutuwarsu. Takobinmu yana rataye yanzu a wani ɗaki da ƙarya a wuyansa, sunan mai shi na gaskiya kuwa yana nan a warƙar da ba wanda ya taya ko da dala.

Saboda haka na bar ta a inda na same ta, na kwafe ta harafi da harafi, ban gyara rubutun marubucin ba ko inda ya sa sadun a sulke maimakon sinun. Abin da ya rage a hannunmu cikin lissafin uku ne: guntun sulken, da kan asigirin, da hamilar, wadda baffana ya kwance kafin ya miƙa takobin. Na auna kowanne, na rubuta awonsa a gefen layin da ya ambace shi. Wallahu a'alamu.