Waiwaye: Shekara Ɗari Ana Gardamar Harsashin Bindigar Aljihu a Amurka

A shagunan sayar da makamai na Amurka akwai tambayar da ba ta tsufa. Mutum zai tsaya gaban kanta, yana neman ƙaramar bindigar da zai riƙa ɓoyewa cikin tufafinsa kullum, ya tambayi mai shago: .380 zan ɗauka ko mai milimita 9? Waɗannan lambobi kaurin harsashi suke nunawa, wasu da ma'aunin inci, wasu da milimita. Mai karatu na gida zai ji abin banbarakwai, domin a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. A Amurka kuwa miliyoyin farar hula ne ke yawo da su bisa doka, kuma amsar wannan tambaya ta sauya sau da yawa tun daga ƙarshen ƙarni na 19.

Bindigar aljihu ta riga gardamar haihuwa. Wadda John Wilkes Booth ya harbi Shugaba Abraham Lincoln da ita a 1865 ƙirar Henry Deringer ce ta Filadelfiya, mai kaurin .44, harbi ɗaya tak sai an sake ɗura ta. Amma tarihin da ya shafi masu saye na yau ya fara ne da John Moses Browning, mutumin Ogden ta jihar Yuta, wanda ya haɗa gwiwa da kamfanin FN na Beljiyam da kuma Colt na Amurka. Cikin shekara goma ya fito da harsasai uku da har yanzu ake ƙerawa: .32 ACP a 1899, sai .25 ACP ɗan mitsitsi wajen 1905, sannan .380 ACP a 1908.

Browning bai yi su ƙanana don ganin dama ba, dabarar ƙira ce ta tilasta masa. Fistol mafi sauƙin ƙerawa ita ce wadda babu wani makulli da ke riƙe bayan bututunta lokacin harbi. Nauyin ƙarfen da ke zamewa a samanta da ƙarfin sifirin ne kawai ke tare kwanson harsashi har dalmar ta fita. Irin wannan ƙira ba ta jure albarushi mai yawa. In aka ƙara ƙarfin harsashi, dole a ƙara nauyin ƙarfen, daga nan kuma bindiga ta fi ƙarfin aljihu. Harsashin milimita 9 da Georg Luger ya fito da shi a farkon ƙarni na 20 yana bukatar makulli, shi ya sa ya zama na manyan bindigogin soja. Duk da kaurin dalmarsa ɗaya ne da na .380, ya fi shi tsawon kwanso da nauyi, kuma ƙarfin bugunsa ya kusan ninka na .380. Kusan shekara 90 iyakar ke nan: mai son ƙarfi ya ɗauki babba, mai son ɓoyewa ya haƙura da rauni.

Raunin nan fa a gwada shi da manya ne kawai. Ranar 28 ga Yuni, 1914, Gavrilo Princip ya yi harbi biyu a Sarayebo da fistol FN ƙirar 1910 mai cin .380, ya kashe Yarima Franz Ferdinand da matarsa Sophie, aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Robert Kennedy da harsashin .22 aka kashe shi a 1968, kuma .22 ɗin ne ya shiga huhun Shugaba Ronald Reagan a 1981. Duk wanda ya kira ɗaya daga cikin harsasan nan abin wasa bai karanta tarihinsu ba.

Turai ta rungumi .32 hannu bibbiyu. Walther PP ta 1929 da ƙanwarta PPK ta 1931 sun zama makamin 'yan sanda a ƙasashe da dama, kuma 'yan sandan Jamus ta Yamma ba su bar .32 ba sai bayan harin da aka kai a wasannin Olamfik na Munik a 1972 da tashe-tashen hankulan shekarun da suka biyo baya. Amurkawa kuwa libarba suka fi amincewa da ita. Colt Detective Special ta 1927 da Chiefs Special ta kamfanin Smith & Wesson ta 1950, mai ɗaukar harsashi biyar, duk suna cin .38 Special, kuma su ne 'yan sandan farin kaya da masu shaguna suka riƙa sokewa a ƙugu har tsawon zamani guda.

Sai doka ta shigo. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisa ta kafa dokar taƙaita bindigogi ta 1968, wadda ta hana shigo da ƙananan fistol daga waje in ba su kai wani ma'auni na girma ba. Hatta PPK ta faɗi wannan awo da ɗan ƙanƙanin tsayi, har sai da Walther ya ƙera PPK/S musamman don kasuwar Amurka. Giɓin da aka bari sai wasu kamfanonin Kudancin Kalifoniya suka cike shi da bindigogi masu arha na ƙarfen zinki, irin su Raven MP-25 mai cin .25. Daga nan sunan ƙananan harsasai ya ɓaci, aka riƙa danganta su da fashin cikin unguwa da bindigar da ke cijewa lokacin da ake bukatarta.

Abin da ya fi kowane abu sauya gardamar ya faru ne ranar 11 ga Afrilu, 1986, a wata unguwa da ke kusa da Miyami. Jami'ai takwas na hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, suka tare motar wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, dukkansu tsofaffin sojoji. Cikin mintoci kaɗan aka kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, aka raunata biyar, 'yan fashin ma duk suka mutu. Da aka binciki gawar Platt, sai aka ga cewa tun farkon artabun harsashin milimita 9 na Dove ya ratsa damtsensa na dama ya shiga ƙirji, amma ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya taɓa zuciya. Raunin na ajali ne, sai dai bai kayar da shi nan take ba, kuma bayan samun raunin ne ya kashe jami'an biyu da doguwar bindigarsa Ruger Mini-14.

Hukumar ta ɗora wa harsashin babban kaso na laifi. A ganina an zalunce shi, domin mutanen da suka tunkari doguwar bindiga da ƙanana sun riga sun shiga da rauni ko da wane harsashi suka ɗura. Amma binciken da ya biyo baya ya haifar da abu mai amfani. FBI ta kafa ma'aunin gwaji: a harba harsashi cikin daskararren jelatin da aka haɗa don ya yi kama da tsokar mutum, kuma dole ya nutse tsakanin inci 12 zuwa 18, wato kusan santimita 30 zuwa 46, ko da ya fara ratsa tufafi masu kauri ko gilashin mota. Kafin wannan, gardamar harsashi labaran mafarauta ce da na tsofaffin 'yan sanda, kowa da abin da ya ji. Yanzu an samu abin da za a auna. Hukumar ta koma harsashin milimita 10, jami'ai da yawa suka kasa jure dukansa a hannu, daga nan aka haifi .40 S&W a 1990, ya mamaye rundunonin 'yan sandan ƙasar.

A daidai wannan lokaci kasuwar farar hula ta buɗe. A 1987 jihar Fulorida ta yi dokar da ta wajabta wa hukuma ba da izinin ɗaukar ɓoyayyiyar bindiga ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, jihohi da yawa suka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, har Ilinoi ta zama ta ƙarshe da ta halatta ɗaukar ɓoyayyiyar bindiga a 2013. Dokar tarayya ta 1994, wadda ta taƙaita gidan harsashi zuwa goma har ta ƙare a 2004, ta yi tasirin da masu ita ba su zata ba. Tun da ba za a sayar da mai cin sha biyar ba, sai kamfanoni suka koma ƙera ƙaramar da goma za ta cika ta. Glock 26 da Kahr K9 na tsakiyar shekarun 1990 'ya'yan wannan zamani ne.

Sannan roba mai ƙarfi ta maye gurbin ƙarfe a gangar jikin bindiga, aka kuma gano yadda za a sa makulli cikin 'yar mitsitsiyar fistol. Kel-Tec P-32 ta 1999 ba ta kai giram 200 ba in babu harsashi. P-3AT ta biyo a 2003 da .380, sai Ruger LCP a 2008, wadda ta samu kasuwa har harsashin .380 ya yi wuyar samu a shaguna. Nan ne masu saye da yawa suka gamu da abin da takardar talla ba ta faɗa. Duk yadda bindiga ta rage nauyi, haka dukanta a tafin hannu ke ƙaruwa. Mariƙinta yatsa biyu kawai ke samun wuri, abin saitinta ƙanƙane ne, kunamarta doguwa mai tauri. Wanda bindigarsa ke sa masa ciwon hannu bayan harbi kaɗan ba zai koma filin atisaye ba, wanda kuma ba ya atisaye ba zai sami abin da ya auna ba ranar da hannu ke rawa.

FBI da kanta ta zo ga wannan ra'ayi. A 2014 sashenta na horarwa ya ba da shawarar komawa milimita 9, yana cewa harsasan zamani masu rami a baki, waɗanda ke buɗewa in sun shiga jiki, sun cika ma'aunin jelatin kamar manyan, kuma jami'ai sun fi saurin harbi da daidaita saiti da su. Takardar ta ce jami'an tsaro na kuskure kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harbin da suke yi a artabu. Harsashin da aka tsine wa a 1986 shi aka dawo da shi bayan kusan shekara 30. Da SIG P365 ta fito a 2018 tana ɗaukar milimita 9 guda goma cikin jikin da a da shida ko bakwai yake ɗauka, sai Springfield Hellcat ta biyo a 2019 da sha ɗaya, tsohuwar iyakar da Browning ya taras ta rushe.

Yau .25 ya kusa zama kayan tarihi, .32 kuma 'yan ƙalilan ne ke riƙe da shi. Kamfanin Federal ya gwada sabon harsashi, .30 Super Carry, a 2022, amma bai girgiza kasuwa ba. Shi kuwa .380 ya samu sabon gurbi da ya fi dacewa da shi: bindigogi masu ɗan girma da laushin sifirin, irin Shield EZ ta 2018, waɗanda aka yi don tsofaffi da masu ciwon gaɓɓai da ba sa iya jan ƙarfen saman fistol. Matsalarsa ita ce sau da yawa in ya buɗe sosai ba ya kai inci 12, in kuma ya kai bai buɗe ba. Hukuncina shi ne milimita 9 ya ci gardamar ga mafi yawan masu ɗauka, .380 kuma ya rage ga wanda hannunsa ko tufafinsa ba za su ɗauki fiye da shi ba.

Masu yin tambayar kuma sai ƙaruwa suke yi. A 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin jihar Niyok na cewa sai mutum ya nuna wata bukata ta musamman kafin a ba shi izini, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar yanzu ba sa neman lasisi ko kaɗan. Akwai wani lissafi da ba a cika ambata a gaban kantar ba, wanda ya kamata mai saye ya ji kafin ya zaɓi kauri. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna cewa mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe.