Coney Island: Daular Santi Biyar a Bakin Teku

A ƙarshen kudancin unguwar Brooklyn ta birnin New York, inda ƙasa ta ƙare tekun Atlantika ya fara, a yankin Coney Island, akwai wani titin katako mai tsawon sama da kilomita 4. Da rani za ka iske dattawa zaune a benci suna kallon wata doguwar hasumiyar ƙarfe da rabonta da ɗaukar mutum tun shekarun 1960. Suna hirar zamanin da ba inda ya kai Coney Island suna wajen wasa da nishaɗi a duk faɗin Amurka.

Abin ya soma ne a 1884, lokacin da LaMarcus Thompson ya kafa wani ɗan jirgin wasa mai hawa tudu yana gangarowa a kan dogo. Gudunsa bai wuce mil 6 a awa ba, kuɗin shiga kuwa santi 5, amma layi ba ya yankewa. Da 'yan kasuwa suka ga ciniki, sai manyan filayen wasa uku suka biyo baya: Steeplechase a 1897, Luna Park a 1903, Dreamland a 1904. Luna Park ya buɗe da ƙwayayen lantarki kusan 250,000, a lokacin da yawancin gidaje ke fama da fitilar gas da ta kananzir. Dreamland ya ce bai ga ta zama ba, ya kunna miliyan guda.

George Tilyou, mai Steeplechase, ya fi kowa sanin halin ɗan Adam. Ya jera dawakan wasa na katako a kan dogo, mutum biyu kan kowane doki, a yi tsere a kewaye filin. Da ka sauka, hanyar fita sai ta bi da kai ta kan wani dandamali, iska ta taso daga ƙasa ta yi sama da hular maza da siket ɗin mata, 'yan kallo na zaune suna ta ƙyaƙyata dariya. Wanda aka yi wa dariya yanzu, shi zai nemi kujera ya jira na bayansa. Da gobara ta cinye filin a 1907, Tilyou bai tsaya kuka ba: ya sa kuɗin ganin toka santi 10, sannan ya sake gini.

Amma abin da ya mayar da wurin na kowa da kowa shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya isa can a 1920. Da santi 5 lebura ko tela, ɗan ci-rani daga Italiya ko Gabashin Turai, zai bar ɗakin haya mai zafi kamar tanda ya isa bakin ruwa. Da wani santi 5 ɗin ya sayi burodi mai nama a shagon da Nathan Handwerker ya buɗe a 1916. Shi ya sa aka yi wa wurin laƙabi da Daular Santi Biyar. A ranar Lahadi mai zafi, mutanen da ke taruwa kan kai miliyan, har a rasa wurin shimfiɗa tawul a rairayi.

A wannan zamanin aka gina wasu daga cikin abubuwan da suka rage har yau. A 1920 aka ƙaddamar da Wonder Wheel, ƙaton lilo mai siffar ƙafar keke, tsayinsa ƙafa 150, da akwatunan zama 24. 16 daga ciki suna zamewa kan dogo yayin da lilon ke juyawa, mutum ya ji kamar an wurga shi teku. A 1923 aka buɗe titin katakon. A 1927 Cyclone ya zo, jirgin wasa mai dogo kan katako, wanda ke hawa ƙafa 85 ya sulalo da gudun mil 60 a awa, hanjin mutum ya kaɗa.

Sai dai mai bege yakan tace abin da zai tuna. A 1905 an kawo 'yan ƙabilar Igorot daga Filifin aka ajiye su a Luna Park ana biyan kuɗi ana kallon su kamar namun daji. Martin Couney ma ya shekara kusan 40 yana nuna bakwaini cikin kwalaben reno ana biya a gani, ko da yake kuɗin ne ya ceci dubban jarirai a lokacin da yawancin asibitoci ba su da irin na'urar. Ga kuma wuta, wadda gine-ginen katako da fenti ba sa iya tsaya mata. A daren 27 ga Mayu, 1911, ma'aikata na toshe yoyo da kwalta a Dreamland, wuta ta kama. Kafin gari ya waye filin ya zama toka. Luna Park ma gobarar 1944 ce ta karya shi.

Abin da wuta ta bari, zamani ya ƙarasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu hali suka sayi motoci suka nufi wasu bakin ruwan masu nisa, talabijin da na'urar sanyaya ɗaki suka zaunar da mutane a gida, filin wasan Disneyland ya buɗe a 1955. Steeplechase ya rufe a 1964, Fred Trump, mahaifin Donald Trump, ya saye shi ya rushe a 1966.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Dattawan benci ba ƙarafa suke kewa ba, domin lilunan yau sun fi na da tsayi da gudu. Suna kewar ranar da talaka zai fito da iyalinsa da 'yan canji a aljihu ya koma gida da labari. Hukumar birnin New York ta sa Cyclone cikin kayan tarihi a 1988, Wonder Wheel a 1989, an kuma buɗe sabon Luna Park a 2010. Ranar 26 ga Yuni, 2027, Cyclone ke cika shekara 100 da fara aiki.