Shin akwai gulutin a cikin giyar inabi da shamfen?

Gulutin sinadarin furotin ne da ake samu a alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rai. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ga yawancin jama'a ba shi da illa, amma ga masu cutar siliyak, waɗanda aka ƙiyasta sun kai mutum 1 cikin 100 a duniya, ko ɗan kaɗan ne ya shiga ciki sai garkuwar jiki ta far wa bangon ƙaramin hanji. Daga nan sai gudawa da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini su biyo baya. Maganin cutar shi ne ƙaurace wa gulutin har tsawon rayuwa, a abinci da kuma abin sha.

Giyar inabi, fara ko ja, daga ruwan 'ya'yan inabi ake yin ta, inda yis ke juya sukarin da ke ciki ya zama barasa. Hatsi ba ya cikin kayan haɗinta. Haka ma nau'inta mai kumfa, irin su shamfen na Faransa da Prosecco na Italiya da Cava na Sifen: ana ƙara sukari da yis ne a sake tsima ta karo na biyu, a cikin kwalba ko rufaffen tanki, iskar da ta taru ta zama kumfa. Saboda haka ana lissafa su cikin abubuwan sha marasa gulutin.

Wurare biyu ne alkama kan iya kusantar giyar. Na farko shi ne wajen tacewa. An saba amfani da farin ƙwai ko furotin na madara ko wani irin yumɓu domin kwantar da gurɓin giyar, amma an halatta furotin na alkama ma, ko da yake ba kasafai ake amfani da shi ba. Na biyu shi ne gangunan katako da ake ajiye giyar a ciki, domin wasu maƙeran kan liƙe bakinsu da kwaɓin fulawa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa abin da kan rage daga hanyoyin biyu bai kai miligiram 20 a kowane kilo ba, wanda shi ne iyakar da hukumar Codex Alimentarius ta gindaya, kuma Tarayyar Turai da Amurka ke aiki da ita.

Haɗarin yana cikin kwalaben da suka yi kama da giyar inabi alhali ba ita ba ce zalla. Wasu gaurayayyun abubuwan sha masu ɗanɗanon 'ya'yan itace da tsiron sha'ir ake yin su, kamar yadda ake yin giyar biya. Wannan ya shafi har wanda ba ya shan barasa: ruwan inabi mai kumfa marar barasa da ake rabawa a bukukuwa ba ya buƙatar hatsi, amma lemon malt da ake ɗauka marar illa galibi yana ɗauke da tsiron sha'ir. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca ba su da gulutin, don haka fura da kunu da zoɓo ba su da matsala muddin ba a sa musu alkama ko fulawa ba. Karanta jerin kayan haɗi a jikin kwalba shi ne kariya ta farko.

Sai dai rashin gulutin bai wanke barasa daga illa ba. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da ba ya cutar da lafiya, ga kuma alaƙarta da ciwon hanta da wasu nau'o'in kansa. Wanda kuwa yake zargin yana da siliyak, likitoci na shawartarsa ya yi gwajin jini kafin ya daina cin alkama, domin dainawa kafin gwaji kan ɓoye cutar, sakamako ya fito kamar lafiya lau yake.